Gwangwanin Bayan Labule

Litinin, 3 ga wata, 6:50 na safe

Yaya ce ta ba ni wannan littafin. Ta ce tunda na ƙi magana da mutane, in yi da takarda, ita ba ta gajiya. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ni da 'yata, 'Yar Baba, muna kwana a ɗakin ɗinkin Yaya, tsakanin keke da buhun ƙyallaye. Ba zan rubuta abin da ya kawo mu ba. Aiki zan rubuta, tunda a kansa aka yi komai.

Aikin shi ne auna yadda yara 'yan shekara goma zuwa sha huɗu ke kallon zaman namiji da mace: wa ke da ta cewa, wa ke wanke-wanke, wa ke ba wani haƙuri. Dakta, shugabarmu, ita ta ƙirƙiro hanyar. Ta ce in ka ba yaro takarda da biro, jarrabawa yake gani, sai ya nemi amsar da za ta ba shi maki. Don haka muke rataya labule a kusurwar aji, mu ajiye robobi biyu a baya, ɗaya "na yarda", ɗaya "ban yarda ba". In karanta jimla, yara su shiga ɗaya bayan ɗaya su jefa maɓalli, na maza baƙi, na mata fari. Jimla goma ce, bayan kowace in juye in ƙirga. Ba wanda zai san inda wani ya jefa.

Makarantu sha biyu, mu uku: ni, Dogo mai kwamfuta, da Dakta da kanta. Na gama huɗuna ranar Juma'a, yau zan miƙa.

Litinin, 4:30 na yamma

Dogo ya shigar da alƙalumana, ya tsaya, ya cire hula ya sosa kai. A makarantunsa da na Dakta, wajen rabin yara ne suka karkata ga cewa mace da namiji daidai suke a gida. A nawa, tara cikin goma.

"Anti, wane ruwa yaran nan ke sha? A samo min jarka ɗaya in kai wa ƙannena."

Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Shekara tara na yi ina koyarwa a firamare kafin in zo nan, na ce a raina ai yaro ya san wanda zai sake da shi.

Dakta ta zo ta tsaya bayansa da filas ɗin shayinta. Mace ce 'yar ƙarama, furfura ta cinye gaban kanta, gilashinta ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ta daɗe tana kallo.

"Sun yi kyau," ta ce. Ta kurɓi shayi. "Sun yi kyau da yawa."

Ban taɓa ganin wanda labari mai daɗi ke hana sukuni kamarta ba.

Laraba, 5 ga wata, 1:15 na rana

Tun jiya Dakta ke sake lissafin da fensir, layi-layi, wai ko kwamfuta ce ta yi tuntuɓe. Dogo ya ji haushi a madadin kwamfutarsa. Ba ta tambaye ni komai ba, sai ko malamin aji ya fita kafin in fara. Ya fita. Ta ce madalla, ta koma kan fensir.

Wakilin masu ɗaukar nauyin aikin, wanda muke kira Mai Kwat, ya leƙo ya ga alƙaluman, baki har kunne. Ranar 28 yake son rahoto. A ƙarshen watan nan kuma wata ukuna na gwaji ke cika, Dakta ce za ta ce in zauna ko in tafi.

Alhamis, 6 ga wata, 7:00 na safe

Baban 'Yar Baba ya kira sau biyu. Ban ɗaga ba.

Alhamis, 5:40 na yamma

Ina tsefe wa 'Yar Baba kai na tambaye ta, tsakanina da babanta wa ya fi gaskiya. Shekarunta sha biyu, ta ji duk abin da aka faɗa a safiyar da muka bar gida. Ta ɗago ta dube ni ta madubi, ta ce, "Ke ce, Mama." Na ji sanyi a raina. Na ƙara mata mai a kai.

Asabar, 8 ga wata, 11:20 na safe

Bari in rubuta yadda aka yi.

Ina wanki a tsakar gida. 'Yar Baba ta ɗauko jakar kayan aikina tana wasan makaranta a ɗaki, tana karanta wa 'yan tsanar ɗiyar Yaya jimlolin. Na ji ta karanta ta bakwai: "Idan miji da mata sun saɓa, maganar miji ce ta ƙarshe." Sai na ji ƙarar maɓalli a cikin gwangwani, ƙwal. Sai na ji bakina ya ce, "Yauwa."

Ni kaɗai, hannu cikin kumfa, ba wanda ya tambaye ni.

Ranar farko da na fita, robar "ban yarda ba" ta fashe a bayan mota. Na roƙi mai shayin ƙofar makaranta gwangwanin madara, na wanke, na manna masa takarda. Har yaba wa kaina na yi da dabara. Da shi na yi makarantu huɗu. Roba ba ta ƙara, gwangwani yana yi. Ke nan duk yaron da ya shiga bayan labule, ajin gaba ɗaya na jin inda ya jefa. Ni kuma ina tsaye gabansu da fuskar malamar firamare. In na ji abin da nake so, yauwa. In ban ji ba, shiru. Yaro na uku a layi ya riga ya gane.

Yara ɗari da talatin da ɗaya. Ba ra'ayinsu na auna ba, fuskata suka karanta min.

Lahadi, 9 ga wata, 8:00 na safe

Na tura gwangwanin ƙarƙashin buhun ƙyallaye.

Litinin, 10 ga wata, 2:00 na rana

Na ja Dogo bayan ofis na faɗa masa. Ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya ga fuskata ya gimtse.

"Anti, ni ban ji komai ba. Mai Kwat na murna, makarantu za su yi murna, ke saura sati uku. Wa zai je ya tambayi mai shayi?"

Ba mugu ba ne Dogo, tausayina yake ji. Na ce zan yi tunani.

Talata, 11 ga wata, 5:10 na yamma

Dakta ta tafi ɗaya daga makarantuna yau, wai ta tambayi hedimasta abin da suke koya wa yara da sauran ba sa yi. Motarta ta ƙi tashi, ta hau ta haya, ta ƙarasa da ƙafa. Ta dawo ƙafafu a kumbure, ta cire takalmi ta ɗora su kan kwali.

"Ba abin da suke yi daban," ta ce. "Har yanzu mata ke sharar aji, maza na ƙwallo. Ko dai yaran nan sun fi malamansu, ko ni na rubuta jimlolin a karkace. Shekara shida ina gyara su, Malama. Wataƙila na tsufa."

Kanta take zargi. Ko sau ɗaya ba ta kalle ni da wani ido ba. Na kawo mata ruwan zafi a bokiti ta tsoma ƙafa, ta yi ta sa min albarka, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laraba, 12 ga wata, 6:30 na yamma

Yaya ta tsinci gwangwanin tana neman ƙyalle. Na faɗa mata. Ba ta tsayar da keken ba.

"Ki faɗa wa matar nan."

"In ta sallame ni fa? Da wane ido zan kalli baban 'Yar Baba? Shi ma wata uku ya ba ni, ya ce kafin nan zan dawo da kaina a ƙasa."

"To da shi kike aiki ko da ita?"

Na ce ba za ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, ta yanke zare da haƙori.

Alhamis, 13 ga wata, 7:05 na safe

Bai kira ba tun Alhamis ɗin da ta wuce. Ba ƙirgawa nake ba.

Alhamis, 3:45 na yamma

Mai Kwat ya zo da sabon shiri. Darussan da za a kai makarantu bayan binciken, na zaman tare da mutunta juna, ya ce a cire huɗuna daga ciki tunda ba sa buƙata, a ba su takardar yabo kawai. Dakta ta ce a dakata, hankalinta bai kwanta ba. Ya ce alƙaluma ba sa ƙarya. Ta ce, "Su ba sa yi. Mu ne ban sani ba."

Akwai wata yarinya mai wushirya a makaranta ta biyu. Na tuna yadda ta daɗe bayan labule a jimla ta bakwai, har na ce ta yi sauri. Sannan na ji ƙwal. Ta fito tana duban fuskata. Ita za a hana darasi, a ba hedimastanta takarda ya rataya.

Juma'a, 14 ga wata, 10:30 na safe

Na faɗa.

Juma'a, 4:50 na yamma

Da safe na shiga ofishinta na ajiye gwangwanin kan tebur, kusa da roba. Na jefa maɓalli a roba, na jefa wani a gwangwani. Ta ajiye fensir. Na ce, "Kuma duk sanda na ji wanda nake so, Dakta, ina cewa yauwa."

Ta ɗauki maɓalli ta jefa da kanta, ta karkata kunne. Ta sake, ta sake. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take, har ta cire gilashi ta share ido.

"Shekara shida ina tsoron biro da takarda, ashe gwangwanin madara ne zai kayar da ni."

Ta mayar da gilashin, dariyar ta tafi.

"Yaushe kika gane?"

"Asabar."

"Kwana shida. Kina kallo na tafi makarantar nan da ƙafa."

"Ina kallo."

"Gwangwani bai dame ni ba, 'yata, kowa zai iya yi. Kwana shidan nan ne suka dame ni."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. A gabana ta kira Mai Kwat ta ce alƙaluman makarantu huɗu sun lalace, za a sake, rahoto zai makara da sati biyu. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune. Ya tambayi wa ya yi. Ta ce, "Mu muka yi. Ban rubuta a ƙa'idar aiki cewa mazuban biyu su zama iri ɗaya ba, ni ce na rubuta ƙa'idar." Ya ce wannan zai taɓa sunanta wajen manyansa. Ta ce ta sani, ta gaishe shi da aiki, ta ajiye waya.

Na tambayi matsayina. Ta ce, "Je ki gyara tukuna."

Lahadi, 16 ga wata, 9:15 na safe

Ina ta tunanin madubin ranar da nake tsefe wa 'Yar Baba kai, da yadda ta ɗago ta dube ni kafin ta amsa. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Litinin, 17 ga wata, 5:30 na yamma

Yaya ta ɗinka min matasai biyu 'yan ƙanana na sa a gindin sababbin robobi, ko dutse ka jefa ba a ji. Dakta ta juya su a hannu ta ce duk ma'aikata za a yi wa irinsu.

Sannan ta zaunar da ni a kujera, bayana ga labule, ta sa Dogo ya zama yaro. In karanta jimla, shi ya ba da amsar banza da ƙarfi, ita kuma tana gabana tana kallon fuskata da fensir a hannu. Dogo ya samu abin yi. "Malama, ni matata ko tari za ta yi sai ta nemi izini." Girata ta ɗaga, Dakta ta ja layi. Na ja tsaki a ciki, ta ji, ta ja layi. Layi sha huɗu a zagayen farko.

"Kin iya koyarwa," ta ce, "shi ne ciwon. Malami yana so yaro ya iso inda yake. Mu so muke mu san inda yaron yake tsaye. In kika jawo shi taku ɗaya, kin ɓata mana wurin."

Sai zagaye na shida na fita ba layi. Wuyana ya ƙage.

Sababbin azuzuwa za mu auna a makarantun, waɗanda ba su taɓa ganina ba, su za su shiga rahoto. Amma ta ce tsofaffin ma sai na koma musu. "Ba don alƙaluma ba. An yi musu alkawarin ba mai ji, aka ji."

Alhamis, 20 ga wata, 6:00 na yamma

Makarantu uku sun kammala. Jimla ta bakwai: bakwai cikin goma sun yarda maganar miji ce ta ƙarshe. Fararen maɓallai sun fi baƙaƙe yawa a robar. Na ƙirga sau uku ko za su ragu. Na rubuta abin da na gani, sannan na zauna a mota na yi kuka, direba yana ta gyara madubin da bai lalace ba.

Na kai wa Dakta ina cewa abin ba daɗi. Ta ce ba daɗi aka aiko mu nema ba. Sai ta sa yatsa kan jimla ta tara, wadda ban ko duba ba: "Namijin da ya ba matarsa haƙuri bai rage komai ba." Maza takwas cikin goma sun yarda, ba gwangwani, ba yauwa.

"Kin gani? Wannan nasu ne. Da can ko sun faɗa ba za mu iya gaskatawa ba."

Idonta har ƙyalli yake. Matar da tara cikin goma ta hana barci, ga ta tana murna da layi ɗaya don ta tabbata na gaske ne. In na tsufa, irinta nake so in zama, har da zaren gilashin.

Asabar, 22 ga wata, 12:10 na rana

Baban 'Yar Baba ya aiko da takalmanta na makaranta da ta bari, an goge su. Ba saƙo. Ta ɗauke su ta shige ɗaki, ba ta bari na ga fuskarta ba.

Laraba, 26 ga wata, 3:20 na yamma

Na koma tsohon ajin makaranta ta biyu. Na tsaya gabansu na ce wancan karon na yi kuskure, gwangwani ya tona su, ni kuma na nuna abin da nake so. Sai wani daga baya ya ce, "Yauwa," da muryata sak. Ajin ya fashe da dariya, har da ni. Ashe tun ranar suke kwaikwayona.

Na juya musu baya na karanta jimla goma, ba abin da nake ji sai takun ƙafa. Da muka gama ina naɗe labule, yarinyar mai wushirya ta zo ta kama min ɗaya gefen.

"Malama, wancan karon ke muka jefa wa. Mun ga kamar ranki a ɓace yake, muka ce bari mu faranta miki."

Na ce na gode. Na ce yau fa?

"Yau na jefa wa kaina."

Tambayar ta zo har bakina, na haɗiye ta. Ban san inda ta jefa ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Alhamis, 27 ga wata, 4:40 na yamma

An mayar da makarantu huɗun cikin masu samun darasi. Mai Kwat bai gaishe mu da fara'a ba, amma ya sa hannu.

Dakta ta kira ni. Gwangwanin na kan teburinta, ta zuba fensira a ciki. Ta juye su ta miƙo min.

"Wata mai zuwa za mu ɗauki sababbin ma'aikata takwas. Ke za ki horar da su. Da wannan za ki fara, da bakinki, har da kwana shidan."

Na ce har da su?

"Musamman su."

Na fita na tsaya bayan ofis inda na taɓa jan Dogo. Na zaci abin da zan fara ji shi ne daɗin samun abin da zan faɗa wa wanda ya ce zan dawo da kaina a ƙasa. Ban ji haka ba. Gajiya kawai na ji, da son in koma gida in ga yarinyata.

Asabar, 29 ga wata, 8:30 na safe

Ina wanke kofuna, 'Yar Baba na zaune bakin ƙofa a bayana. Ban juyo ba. Na daidaita murya yadda Dakta ta koya min, na ce yau Asabar, tana so ta je wajen babanta ko tana so ta zauna, duk wanda ta zaɓa daidai ne.

Ta daɗe. Ban ce ta yi sauri ba.

"Ina so in je. In kwana, in dawo gobe." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma Mama, kar ki sake tambayata wa ya fi gaskiya."

Ruwa na zuba a kan hannuna. Ban ce yauwa ba, ban ja tsaki ba, girata ma tana inda take. Na ɗauraye kofin na kife shi, na je na ɗauko mata jakarta.